Kaset ɗin Bajapaniya da Na Kwafa wa Ramatu

Jama'a, wallahi wannan abu ni ya faru da ni, lokacin ina jan motar doya daga Salaga zuwa Bawku, kafin wayar hannu ta zo. Motar tsohuwa ce daga Japan, a cikin rediyonta na tarar da wani kaset na wata mawaƙiya. Wani bature mai aikin rijiya ya duba rubutun ya ce kundinta na farko ne. Kai! Murya kamar zuma, ban san me take cewa ba amma har rawa nake a kan sitiyari.

To lokacin ina neman auren Ramatu a Bawku, ga wani mai shago yana nema, na ce bari in kwafa mata kaset ɗin, in kai mata abin da babu mai shi. Yadda muke kwafa a da, rediyo biyu ake haɗawa baki da baki, kowa ya yi shiru, don ko tari ka yi sai ya shiga. Na kulle ɗakina a Salaga da rana tsaka, ni kaɗai, na kwafa.

Ina kai mata da murnata ta kunna, sai ga muryar wata mace daban a cikin kaset ɗin tana bin waƙar kalma da kalma, kusa-kusa, har numfashinta ana ji. Ramatu ta ce, "Wace ce a ɗakinka?" Na rantse na maimaita, ta ce in kwashe kayana.

Hankalina ya tashi. Na roƙi yayanta Iddi, mai sayar da hatsi a Yendi, ya zama shaida. Muka shiga ɗakinsa, ya leƙa har ƙarƙashin gado, muka kwafa sabo. Da muka kunna, la'ilaha! Ga ta nan, ta ƙara matsowa, kuma waƙar na ƙarewa ta ce da Hausa tsaf, "A gaida Ramatu." Iddi ko takalmi bai tsaya ɗauka ba.

Shi ya wanke ni, aka ɗaura aure, na ƙone kaset-kaset ɗin duka. Amma har yau wani lokaci in Ramatu tana tuƙa tuwo sai in ji tana rera waƙar daga farko har ƙarshe, ita da sau ɗaya ta ji rabinta, kuma muryar ba tata ba ce. In na tambaya sai ta ce, "Wace waƙa?"

Don Allah, ko ɗakinku ne, ku yi sallama kafin ku shiga.