Kwanson Kafson Baba Modu

Har gobe ban manta da Litinin ɗin da aka miƙo mini takardar tuhuma saboda wani dattijo mai son tsari ba. Wajen ƙarshen shekarun 1980 ne, ina ƙaramin ma'aikaci a ɗakin ba da magani na wani asibiti a Maiduguri. Ni ke kula da sito, Madam Saratu 'yar Biu ce shugabata.

Dattijon shi ne Baba Modu, mai sayar da huluna a Gamboru. Cikinsa ya daina samar da sinadarin narkar da abinci, duk abin da ya ci wucewa yake yi, ya rame. Likita ya rubuta masa wani kafso mai ɗauke da wannan sinadarin. Ga wanda ba ɗan sana'a ba, sinadarin furotin ne, aikinsa kuma yana cikin naɗinsa, kamar rawani. In zafi ko tsamin ciki ya warware naɗin, ya tashi daga aiki. Shi ya sa ake yi wa 'yan ƙwayoyin da ke cikin kafson riga, don su isa hanji lafiya.

Wata biyu Baba yana karɓa, rama sai ƙaruwa take. Likita ya ce lallai na bar maganin ya lalace a zafin sito. Madam ta ba ni kwana uku in kare kaina, in ba haka ba a mayar da ni ɗakin kati. Gaskiya na tsorata, don amaryata ba ta fi wata huɗu da tarewa a Galtimari ba, kuma na gama cika mata baki cewa ni rabin likita ne.

Ranar Laraba sai ga Baba a tagar ba da magani. Ya gaishe ni da “Wushe”, wato sannu da yarensu, ya turo gwangwanin madara. Na buɗe na ga kwanson kafso fal, kowanne an mayar masa da murfinsa.

“Ɗana, ga kwalabenku, a sake cika mini. Ko ɗaya ban yar ba.”

Ashe shi a ganinsa kwanson roba ne, mayarwa ake yi kamar kwalbar lemo. Buɗewa yake yi ya juye ƙwayoyin a shayi mai tururi, ya murƙushe su da cokali don su narke sosai. Wata biyu yana dafa maganin kamar ƙwai.

Na kira Madam. Ta leƙa gwangwanin, ta shige sito, muna jiyo dariyarta. Ni kuwa na yi ta lallashi, Baba ya ce shi da girmansa ba zai haɗiyi roba ba. Da dabara ta ƙare na ce masa ai daga fatar saniya ake yin kwanson, ɗan'uwan ganda ne.

Ya harare ni. “To me ya hana ku ce ganda ce tun farko?”

Nan take ya haɗiye ɗaya da ruwan sanyi. Madam ta yaga takardar, bayan wata guda kuma kumatun Baba suka dawo.

Ku yaran yanzu masu aikin ba da magani, rubuta “ɗaya sau uku” a jikin leda ba shi ne aikin ba. Tun daga ranar ba na sallamar kowa sai ya faɗa mini da bakinsa yadda zai sha. Wanda ya fi kowa son yin daidai, shi na fi tsayawa a kansa.