Ni Na Riƙe Famfon

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da safe ina ɗaura igiyar takalmi zan fita ofis saƙo ya shigo: Malam Iliyasu mai gyaran keke ya rasu. Kwana huɗu ya yi a asibiti, ban ma san yana kwance ba.

Ban gama dawowa hayyacina ba na leƙa zaurenmu na WhatsApp, na masu hawan keke ran Juma'a. Sai ga Injiniya ya riga kowa. Ya sa hoton marigayin, ya rubuta wai mun yi rashin ɗan'uwa kuma gwani. Har da 'yan fuskokin nan masu hawaye guda uku.

Yau kuma gwani ne.

Wallahi rashin kunyar wasu sai ka rasa inda za ka ajiye ta. Bari in gaya wa waɗanda ba su san zancen ba.

Malam Iliyasu mutumin Funtuwa ne, yana aiki a wani ƙaramin shagon keke a unguwar Karama, a nan ƙasar waje da muke neman abinci. Ranar da na sayi keken tserena na farko, shi ya zaunar da ni ya daidaita mini sirdi, ya saya mini shayin karak, ya ce kada in ji kunyar tambaya. Wata rana sarƙar kekena ta tsinke a hanyar Kudra, can cikin rairayi. Ranar hutunsa ce, amma ya hau tasi ya zo da kayan aikinsa a leda.

Kun san mu nan sanyi ne lokacin keke. Idan Nuwamba ta shigo, Malam zai fara wa'azinsa na taya. Ya ce da asuba raɓa da hazon teku suna jiƙa kwalta, su haɗu da man motoci, shataletale ya koma santsi. Don haka a sa tubles, wato wadda ba ta da tub a ciki, mai ɗan faɗi, a rage mata iska ta kama ƙasa. A zuba mata farin ruwan nan mai kama da nono, in ƙaya ta soke ta ya toshe. Abin da ya fi nanatawa shi ne kada wanda ya kuskura ya cire tub daga taya ta gargajiya ya ce ya yi tubles, domin bakinta yana miƙewa, za ta fice daga rim.

Injiniya kuwa ya sayi keken da ya fi motata tsada, alhali ƙaramar gada in ya hau sai ka ji numfashinsa daga baya. Ya kai wa Malam ya sa masa tubles, aiki tsaf. Da ya isa gida ya ƙare wa tayoyin kallo, sai ya ce sun yi kauri, sun mai da kekensa kamar na masu kai kayan baƙala, wato kantin unguwa. Shi fa injiniya ne, ba wani bakaniken Funtuwa da zai koya masa ilimin iska.

Ranar Alhamis da la'asar ya kira ni wurin ajiye motocin gidansu. Ya cire tayoyin Malam, ya mayar da tsofaffin siraransa na gargajiya, babu tub, ya tuttula farin ruwan. Da ƙyar suka kama iska. Yana ta cewa in ƙara, ina ƙarawa.

Ni na riƙe famfon.

Washegari bayan asuba, a shataletale na biyu, tayar gaba ta fice da ƙara kamar an harba bindiga. Injiniya ya sha ƙasa, ya karye a kafaɗa. Ni na ɗauko keken a motata. Tun a gadon asibiti ya ce mini in jefar da tayar a shara, sannan ya juya ya gaya wa duk wanda ya zo dubiya cewa aikin Malam ne.

Bai tsaya nan ba. Ya je shagon da hannu rataye a wuya, yana ambaton 'yan sanda. Mai shago ya tsorata ya sallami Malam a satin. Mutumin da ya shekara ashirin yana taɓa keke ya koma ɗaure dilolin kaya da salatif a wani sito a kasuwar Naif. 'Yan kasuwa suka kai labarin har Funtuwa, matarsa da 'ya'yansa suka ji wai ya kusa kashe mutum da ganganci.

'Yan zauren nan da ke ta zuba addu'a yau, su ne suka riƙa tura wa juna gargaɗin a guji hannunsa. Waɗansunsu ko faci ba su iya ba.

Ni kuma na yi shiru, saboda Injiniya ne ya yi mini hanyar aikin da nake ci da shi. In ana lissafa marasa ta ido, a sa ni a layin gaba. Ban fi su da komai ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe watan jiya ne, na je Naif aika kaya gida. Na hango shi na so in kauce, ya kira sunana. Ya rame. Bai tambaye ni aiki ba, sai keke. Ya ce sanyi ya ƙarato, in duba ko farin ruwan ya bushe, in rage iska kaɗan. Na fara kame-kame, ina cewa Malam akwai maganar da nake so mu yi.

Ya ci gaba da naɗa salatif ɗinsa, ya ce, "Nasiru, na san kana wurin. Tun ranar na sani. Kalas, ya wuce, bar shi. Kai dai kada ka hau irin tayar nan."

Na bar shi kuwa. Abin da ya fi mini sauƙi ke nan.

To Injiniya, ban jefar da tayar ba. Shekara biyu tana bayan ƙofar ɗakina. Ga hotonta nan a ƙasa, duk wanda ya san keke ya duba bakinta ya faɗa mana ko tubles ce. Ka goge fuskokinka masu hawaye. In aikin da ka samo mini ne, zo ka karɓa.

Wanda ya san wani a Funtuwa, don Allah ya karanta wa iyalinsa wannan. 'Ya'yansa su sani hannun mahaifinsu bai taɓa kayar da kowa ba.

Allah ya jiƙan Malam Iliyasu, ya haskaka kabarinsa, ya sa wulaƙancin da muka yi masa ya zame masa nauyi a mizani. Ku taya ni yi masa addu'a. In kun gama, ku roƙa mini gafara, domin shi ya yafe mini tun ban buɗe baki ba, kuma sai yau na buɗe.