Tafiyar Indiya da Baba ya ƙi

Shekarun baya, da ciwon ƙoda ya kwantar da mahaifina, likita a Abuja ya ce mu gwada Indiya. Na shiga zirga-zirgar fasfo da biza, ni da ko Kaduna ba na zuwa sai na yi ta addu'a a mota. Kullum na dawo Suleja sai in tarar ƙafafunsa sun ƙara kumbura.

Ranar da biza ta fito na same shi a zaure da amininsa, wani tsohon malamin makaranta daga Maje. Malam na jin Indiya sai ya kawo labarin wani ɗan sarkin can da ya ƙi miƙa wuya ga Turawa. Suka kama shi, suka kai shi wata ƙasa mai nisa. Can ya tsufa, can ya mutu, baƙi suka binne shi.

Na yi ta ƙifta wa Malam ido, bai lura ba.

Baba ya dube ni ya ce, "Kai, in na cika a can, ina za ka sa ni?"

Mu duka mun sani, inda mutum ya cika nan ake yi masa sutura, ba a yawo da gawa.

"Baba, lafiya za mu nemo, in sha Allahu tare za mu dawo."

"Shi wancan Turawa ne suka ɗauke shi, yana turjewa. Ni ɗana ne zai ɗauke ni, har da sayen sabon akwati." Ya yi 'yar dariya. "Uwarka tana nan kwance a maƙabartar bayan gari. Wa zai wanke ni a can? Wa ya san sunan ubana?"

Na roƙe shi. Na turo ƙanwarsa, na turo limamin unguwa. Kowa ya shiga sai ya fito yana ba ni haƙuri. Muka ci gaba da zuwa wankin ƙoda, ina kallon yana ƙarewa, har bizar ta mutu a cikin durowa.

Da damina ya rasu, a ɗakinsa. Malam ne ya wanke shi. Masu sallah suka cika layinmu har bakin titi.

Har yau ban san ko da mun tafi zai tashi ba, kuma na daina tambayar likitoci. Abin da na sani, duk Juma'a in an sauko, da ƙafa nake zuwa kabarinsa in yi masa sallama.