Ranar da Na Wanke Matattun Ekuru

A gidan da na tashi, ƙamshi ne yake fara tarbar baƙo kafin mutum ya fito. Innata Babarbariya ce, iyayenta daga Barno suka zo Damagaram, kuma ba ta yarda rana ta faɗi ba ta sa garwashi a kasko ta zuba turaren wuta ba. Zannuwanmu, matasan kai, har littattafan da nake zuwa kolej da su, duk sun kama. Sai Allah ya haɗa ni da mijin da warin gazuwal, wato man dizal, yake riga shi shigowa gida.

Direba ne. Motar tasa ce, tsohuwa, yana ɗaukar fasinja tsakanin Zinder da Takieta. Mutumin kirki ne, ba ya wasa da salla, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma ba ya kai mota gareji sai abin ya fi ƙarfinsa, kuma ba ya zubar da ƙarfe. Duk bulo da ekurun da ya kwance, wato ƙusoshi da notunan da ke riƙe taya, a aljihu yake kawo su gida. In na zo wanki sai in ji abu ya faɗa ƙwal a cikin baho, maiƙo ya taso ya rufe ruwan. Ruwan da na jira mai garuwa tun safe kafin in samu!

"Malam, wai ba a sayar da sababbi ne a kasuwa?"

"Ana sayarwa, Madam. Amma sababbin yanzu kwalliya ce kawai. Wannan da kike gani tare da motar aka ƙera shi. Wanka yake so, shi ke nan."

Madam yake ce mini in zai tsokane ni, don na yi kolej shi bai yi ba.

Wankan nan shi ne abin da ba na son gani. Sai ya zauna a tsakar gida ya jiƙa su a gazuwal, ya bi su ɗaya-ɗaya da tsohon buroshin haƙori, ya kai bakinsa ya hure ramin, leɓensa ya yi baƙi. Abin da yake kwantawa a ƙasan kwanon kamar kunun da ya kwana uku ne, ga tsatsa ga yashi. Ya tuttular a gindin katanga, inda ko kaji ba sa tono. Wata rana na dawo daga barka na tarar a cikin langata yake wannan aiki, mai jan fure, wadda Inna ta sa mini a kayan ɗaki. Na wanke ta ban san sau nawa ba. Bayan wata guda na dama fura a ciki, na kai baki, na tofar.

A zaure, bayan ƙofa, yana da gwangwanayen madara guda biyu. Ɗaya da murfi, wankakkun ne a ciki, kwance cikin mai. Ɗayan a buɗe yake, cike da baƙaƙe ƙirin, maiƙo ya kama ƙura ya zama laka, ga yanar gizo, ga kashin ɓera a kai. Ni a tunanina waɗannan layi suke jira a zo kansu. Ban taɓa tambaya ba, don ba na son in san komai a kansu. Abin da na sha faɗa masa dai shi ne wata rana zai nemi gwangwanin nan ya rasa.

Sai ƙanwata da ke aure a Takieta ta haihu. Aka shirya Inna za ta kwana wurinmu ana gobe suna, mu yi sammako a motarsa. Ta zauren nan Inna za ta shigo. Na san ba za ta ce komai ba, hancinta kawai za ta ɗan motsa, kuma wannan ya fi mini zagi ciwo.

Ran nan ya tafi Gaffati ta'aziyya. Na ɗauki buɗaɗɗen gwangwanin da niyyar bola, har na kai ƙofa, sai tausayi ya kama ni. Na tuna yadda yake durƙusawa ya tsinci kowane ɗaya a cikin ƙasa, ya goge a wandonsa. Kuma almubazzaranci ba kyau. Na ce to, bari in yi masa aikin da ya kasa samun lokacinsa.

Na ɗaure hancina da gefen mayafi, na juye su a kan buhu. Wani kyankyaso ya fito da gudu, matacce guda kuma ya manne a jikin wani bulo. Na je na kurkure baki na dawo. Na kawo toka da lemun tsami da soson ƙarfe, na bi su yadda nake bin gindin tukunya. Baƙin ya shige mini ƙarƙashin farce, ya cika layukan tafin hannu. Da aka kira azahar na zo alwala, ruwa ya riƙa zamewa a fatata kamar a bayan agwagwa, sai da na dirje da yashi da sabulu har hannun ya yi ja kafin na yarda alwalar ta yi. Amma fa sun fita. Suka yi fari tas, suna ɗaukar ido. Na juye su cikin mai murfin, na girgiza don mai ya game su, na jefa ƙazamin gwangwanin a bola, na turara zauren har hayaƙi yana fita titi. Inna ta shigo da la'asar, hancinta bai motsa ba.

Da safe bayan asuba ya ce tayar gaba ta yi masa wani motsi a hanyar Gaffati, zai canza mata ekuru kafin mu tashi. Ina fito da kayan barka ina jin ƙarar kirik ɗin da yake ɗaga mota da shi. Kafin in gama ya sauke motar, Inna ta shiga gaba ta zauna da casbinta. Yana goge hannu da tsumma ya dube ni yana murmushi.

"Madam, na ga kin cika alkawari. Kin zubar mini da matattun."

"Waɗanne matattu?"

"Na buɗaɗɗen gwangwanin mana. Ba komai, dama maƙeri nake tara wa. Haƙoransu sun cinye. In kin ɗaura sai ki ji kamar sun kama, sai an hau hanya an faɗa rami biyu uku su saki, taya ta yi nata wuri. Shi ya sa ba na wanke su, don kar in ruɗe da masu rai."

Na dubi tayar. Ekuru biyar, kuma wasu a cikinsu suna wani farin ƙyalli da gazuwal bai taɓa ba ƙarfe ba. Na san aikin hannuna. Tayar kuma ta ɓangaren da Inna take zaune ce, daidai ƙarƙashin ƙafafunta.

Abin da na yi bayan nan shi ne har yau in na tuna nake jin ƙyamar kaina. Ban ce komai ba. Na buɗe baya na shiga na zauna. Na ce a raina wataƙila masu kyan ya ɗauko. Na ce ai tsari na Allah ne. Na ce in na yi magana yanzu, a gaban Inna, zan zama matar da ta taɓa kayan mijinta ba izini, ga ƙanwata tana jira, ga rana tana fitowa. Har na fara addu'ar hawa mota. Ya murɗa makulli, injin ya tashi. Inna ta ce, "Allah ya kai mu lafiya." Na ce amin, sai na ji amin ɗin a bakina kamar furar nan ta cikin langa. Turare nake yi wa abin da na san yana wari, da sunan Allah kuma, da ran mahaifiyata.

"Malam, kashe motar."

"Kin yi mantuwa ne?"

"Ban zubar da su ba. Wanke su na yi. Na juye su cikin masu kyan."

Ya kashe. Bai waiwayo ba. A gaban surukarsa ko doguwar magana ba ya yi, balle faɗa. Inna ce ta juyo.

"Me kika wanke?"

"Ƙarafunansa, Inna."

"Da me?"

"Toka da lemun tsami."

"To ai sun fita ke nan," in ji ta, ta koma kan casbinta.

Ya kifa goshinsa a kan sitiyari, kafaɗunsa suna rawa. Ban san dariya yake ko wani abu ba. Can ya ɗago ya ce, "Inna, a yi haƙuri a ɗan sauko."

Ya sake ɗaga motar. Ya sa kile, wato sifana, a kan ekuru na farko ya ƙara ja da ƙarfi, ya tsaya cak. Na biyu ma haka. Na uku da ya danna sai ya juya, ya sake juyawa, ya yi ta juyawa ba tsayawa. Ya zare shi, wani siririn ƙarfe kamar gashi ya biyo bayansa. Na biyar ma haka ya yi. Ya kamo hannuna ya ajiye mini su biyun a tafi, suna ƙyalli, tsaf da su.

Ya ɗauko gwangwanin ya juye a kan buhu, ya tsuguna. Tarin shekaru ne. Ya ɗauki wannan ya ɗaga a haske ya ajiye, ya ɗauki wancan. Mai ya game su, duk sun zama iri ɗaya.

"Da ido ba zan rantse a kan ko ɗaya ba," in ji shi. "Ba da Inna a ciki ba."

Ya tare kabu-kabu ya tafi kasuwa, ya jira masu kayan mota suka buɗe. Ni da Inna muna zaure, cikin sauran ƙamshin jiya. Ta dubi farcena ta ce, "Da wannan hannun za ki ɗauki jaririn?" Na cusa shi cikin mayafi.

Ya dawo da sababbi ƙunshe a takarda. "Ga kwalliyarki, Madam," ya ce, ya ɗaura su. A hanya sau biyu yana tsayawa ya fita da kile ya taɓa su, don har ran nan bai yarda da sabon ƙarfe ba.

Mun isa Takieta an riga an raɗa suna, an yanka rago, maza sun watse. Ƙanwata ta kumbura fuska. Duk wadda ta tambayi abin da ya tsayar da mu, sai Inna ta nuna ni ta ce, "Wannan ce ta tsaya wankin ƙarfe." Mata suka yi ta dariya, ni ma na taya su yadda na iya.

Buhun nan gaba ɗayansa maƙeri ya kai wa, masu rai da matattu. Kafin wata ya ƙare ya fara tara wasu, yanzu kuma duk wanda ya mutu guduma yake buga masa ya lotse kafin ya ajiye. Langar na bar masa. Warin har gobe yana tayar mini da zuciya.

Amma abin da na fi tunawa shi ne saukar Inna a ƙofar gidan sunan. Ta dafa motar daidai saman tayar nan, ta sauke ƙafa ɗaya, ta sauke ɗayar, ta gyara mayafinta ta shige. Da aka miƙo mini jaririn, sai na naɗe hannuna da gefen zane tukuna na karɓe shi.