Mai Sikeli da Kwaɗon Kwaba

Haihuwa da Karatu

An haifi Mai Sikeli a shekarar 1958, a wani gari na bakin layin dogo, mahaifinta mai gyaran agogo, mahaifiyarta tela. Tun tana ƙarama ba ta san zama ba, ko abinci a tsaye take ci. Ta kammala karatun kimiyyar halittu a 1981.

Aiki

A wannan shekarar ta kama aiki a ɗakin gwaje-gwajen wata jami'a, inda ake binciken ƙiba, kuma awon ɓeraye ɗari biyu kowace safiya shi ya jawo mata laƙabinta. Ɓerayen ƙwayoyin gadon halittarsu iri ɗaya ne, amma wasu ba sa ɗaga kai daga abinci har su cika keji. Ita kuwa, da yake ba ta da haƙurin jira, sai ta yanke hukunci cewa haɗama ce, ta riƙa ware su gefe.

Aure da 'Ya'ya

Ta auri wani malamin lissafi a 1984, Allah ya ba su 'ya'ya uku. Ta tsakiyar ba ta ƙoshi. Ta cinye nata, idonta na kan kwanon yayarta. A 1996, yarinyar tana shekara tara, Mai Sikeli ta sa wa kwabar abinci kwaɗo, ta rataya makullin a wuya, kuma duk Asabar sai ta ɗora yarinyar kan sikeli a gaban kowa.

"Mama, wallahi yunwa nake ji."

"Ba yunwa ba ce, son ciki ne."

Maigidan yakan ce, "Haba, nan fa gida ne, ba wurin aikinki ba." Ba ta ji ba. A 2005 yarinyar ta tattara kayanta ta koma wurin gwaggonta.

Abin da Bincike ya Nuna

A 2007 aka kawo sabbin na'urori, aka duba ƙwaƙwalwar ɓerayen da ta sha warewa. Ƙwayar gadon da ke sanar da ƙoshi tana nan lafiya lau, sai dai a kashe take, saboda haka dabbar takan ci ta ci, saƙon bai iso ba. Mai Sikeli ta san ɓera ba mutum ba ne, amma ta tuna muryar 'yarta, hankalinta ya tashi. Da tsakar rana ta bar aiki, ta isa gida ta ɓalle kwaɗon da guduma, alhali makullin yana wuyanta.

Ƙarshen Rayuwa

Shekara goma sha biyu ta yi tana zirga-zirga gidan 'yar, burinta ɗaya, su zauna su ci abinci tare. Amma kullum sai ta zo da takardu da zane-zanen ƙwaƙwalwa, tana bayani a tsaye.

"Mama, na gane," 'yar takan ce. "Ba lacca nake jira ba."

Sai da Mai Sikeli ta kwanta a gadon asibiti, ranar 3 ga Yunin 2019, bakinta ya iya furta "Ki yafe mini." 'Yar ta yafe, ta yi alkawarin gobe za ta dafo abinci su ci.

Rasuwa

Mai Sikeli ta rasu washegari da hantsi, kafin kwanon ya iso, aka yi mata sutura da la'asar a maƙabartar bayan gari. Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: babbar, malamar makaranta, autan, injiniyan ruwa, da ta tsakiya, tela kamar kakarta, wadda har yau ba ta iya cin abinci in akwai mai kallonta.