Abin da Na Ƙara wa Awon Rijiyar Inna

Rijiyar gidanmu da ke Lajawa mahaifinmu ne ya sa aka haƙa ta tun kafin a haife ni, kuma har Allah Ya yi masa rasuwa ba mu taɓa ganin gindinta ba. Gaba tara ce. Matan unguwa a nan suke ɗiba, wani lokaci ko sallamarsu ba ka ji ba sai dai ƙarar guga.

Ni a cikin garin Wudil nake aure, ina koyarwa a makarantar firamare, amma duk Asabar sai na hau mota na je duba Inna, don ta ƙi yarda ta bar gidan ta dawo wurinmu. Wata Asabar cikin bazara na tarar ta ƙulla wa igiyar guga wani tsohon ɗankwali don ta ƙara tsawo. Bayan 'yan makonni ta haɗa da igiyar ɗaure akuya. Ruwan da ke fitowa kuwa jawur, sai an bar shi ya kwanta kafin a sha.

Inna ba ta yi dogon bincike ba. A bayan katangarmu akwai wani Alhaji, dillalin shanu a karar Wudil, wanda ya gina gidan kaji, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya sa mata sola. Da zarar rana ta ɗaga za ka ji ruwa yana kwarara cikin tankinsa. Ta ce shi ya janye mana ruwa ta ƙarƙashin ƙasa. Da farko nakan ce mata zato ba shi da kyau. Amma duk ranar da na jawo rabin guga na laka, ina jin tankin nan ya cika har yana zuba a ƙasa, sai zuciyata ta koma ɓangarenta.

Ana cikin haka wata farar mota mai buɗaɗɗen baya ta shigo garin da mutum uku, maza biyu da mace ɗaya. Sun ce daga wata jami'a suke, suna binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa. Abin da ya ɓata su a idonmu shi ne a ƙofar gidan kajin Alhaji suka fara tsayawa, suka fi awa guda a ciki, aka kuma ga an shigar musu da kwanukan abinci. Kafin mai unguwa ya gama gabatar da su, magana ta riga ta zaga gari. Wasu suka ce haraji za a sa wa kowace rijiya. Wasu suka ce an hango ma'adini ne daga sama, gonaki za a karɓe. Wata maƙwabciyarmu ta rantse cewa za a toshe rijiyoyin gida da siminti don kowa ya koma sayen ruwa.

Macen ce ke shiga gidaje. Ba za ta wuce shekara talatin da biyar ba, siririya, takalminta duk taɓo. Ta durƙusa ta gaida Inna, ta tambayi gida da gajiya da zafi, ta yi mata ta'aziyyar mahaifinmu duk da an daɗe. Sannan ta buɗe kwamfuta ta nuna mana taswira, wani wuri shuɗi, wani rawaya, wani ja. Ta ce akwai taurarin ɗan'adam guda biyu da ke bin juna a sama. Inda ƙasa ke riƙe da ruwa mai yawa ta fi nauyi, sai ta ɗan fizgi na gaban, tazarar da ke tsakaninsu ta canza da abin da bai kai kaurin silin gashi ba. Da wannan ake gane inda ruwa ke raguwa, wata bayan wata. Ta ɗora yatsa a kan wurin da ta ce mu ne. Bai yi ja ba, amma ya bar shuɗi.

Inna ta daɗe tana kallon allon, sannan ta ce, "Wa ya ba su izinin auna ƙasar mutane?"

Matar ta yi murmushi ta ce wannan tambayar ta fi ƙarfinta.

"To, tauraron naku ya ga wanda ya kwashe mana ruwa?"

"A'a, Inna. Ba ya ganin rijiya ɗaya, ba ya ma ganin gari ɗaya. Faɗin da yake aunawa a tare ya fi jihar nan gaba ɗaya. Shi ya sa muke neman masu auna mana rijiyoyi da hannu."

A raina na ce ta ci abincin Alhaji, dole tauraronta ya makance.

Ta bar mini tef na awo mai ɗan ƙarfe a bakinsa, wanda ke yin ƙara in ya taɓa ruwa. Ta yi alama da fenti a bakin rijiyar, ta yi awon farko da kanta, ta ce kowace Asabar da sassafe kafin a ɗiba in auna daga alamar, in tura mata lambar ta waya. Inna ta ce kar in taɓa musu kaya. Na karɓa, na riƙa zuwa Lajawa tun yammacin Juma'a.

Ga abin da na yi. Tunda tauraron ba ya ganin rijiyarmu, ke nan abin da na faɗa shi ne kawai shaida. Asabar ta farko na ƙara wa zurfin kamar taƙi guda a kan abin da na gani. Ta biyu na ƙara biyu. Na gaya wa kaina cewa gwaji nake yi: in mutanen Alhaji ne za su yi shiru, in kuma masu gaskiya ne za su zo su rufe masa burtsatse. Duk saƙon da na tura sai matar ta amsa da godiya, ba ƙari. Wannan ya ƙara tabbatar mini cewa ba wanda ke karantawa, ko kuma ana karantawa ana ɓoyewa. Na ci gaba da ƙarawa. Akwai wani mako da Inna ta ce mini kwana uku ba ta ji tankin Alhaji ba, wataƙila injinsa ya lalace, ta ce alhakinmu ne. Ban kawo komai ba, na ƙara taƙina na tura.

Damina ta sauka, aka yi makonni ana ruwa. Rijiyar ta fara ɗagowa kaɗan, ni kuwa na riga na yi nisa, ban san yadda zan juyo ba. Ranar wata Laraba ina ofishin malamai sai ga kiran matar jami'ar. Bayan doguwar gaisuwa ta ce rijiyoyin da ake auna mata a Kausani da Utai duk sun fara hawa, tamu ce kaɗai ke ci gaba da sauka, abin ya hana ta sukuni. Ta roƙi izinin zuwa ranar Asabar.

Ta zo ita da direba, ya tsaya a waje. Ta zura tef ɗin, ya yi ƙara tun da sauran tsawo mai yawa a hannunta. Ta duba wayarta, ta jawo, ta sake zurawa. Ina tsaye riƙe da gugan da ban san me zan yi da shi ba. Ba ta kalle ni ba, ta ce, "Malama, wataƙila daga wani wurin kike farawa, ba daga alamar ba."

Hanya ta ba ni, na kuma gane. Na jira Inna ta shiga ɗaki dama mata fura, sannan na gaya mata gaskiya a gurguje, har da maganar kwanukan abinci.

Matar ta zauna a kan turmi. Ba faɗa ta yi ba, da ma faɗan ne da ya fi mini sauƙi. Ta ce sun fara shiga wurin Alhaji ne don shi kaɗai ke da takardar masu haƙa, wadda ke nuna inda yashi yake da inda yumɓu yake a ƙarƙashin unguwar. Ta ce tana karanta saƙonnina, kuma su ne suka sa ta je ta yi ta roƙonsa har ya yarda ya kashe injinsa kwana uku kafin ranar awona, a tsakiyar zafi, yana sa ana turo wa kajinsa ruwa a kura. In da burtsatsensa ne ke jan tamu, da a awon Asabar ɗin nan za a ga ruwan ya ɗan ɗago.

"Kin tuna abin da kika gani ranar, na gaskiyar?"

Ban tuna ba. Ban rubuta na gaskiya a ko'ina ba.

Na ce ko za a sake gwadawa. Ta ce yanzu damina ta rikita komai, sai wata bazarar, in ya yarda. Bai yarda ba. Labari ya kai masa cewa 'yar gidan nan mai koyarwa ce ta ɗauko mutanen jami'a don a rufe masa sana'a, kuma shi ma sau biyu yana sa a ƙara saukar da famfonsa saboda ya fara jan iska. Shi laifin a wurinsa na masu tifofin da ke kwashe yashin kogi ne, da masu noman rani da suka cika fadama da injina. Tun daga lokacin, in mun haɗu a hanya, gaisuwarmu ba ta wuce lafiya lau.

Matar ba ta karɓe tef ɗin ba. Ta ce in ci gaba, amma in riƙa ɗaukar hoton lambar ina turawa tare da saƙon. Na fahimci abin da hakan ke nufi. Har yau ina yi, kuma har yau ban san a hannun wa lambobin ke ƙarewa ba bayan sun bar nata.

Da wata bazarar ta zo rijiyar ta ƙafe ƙarƙaf. Ni da ƙannena muka kira wani dattijo mai haƙar rijiya, ya yashe ta, ya ƙara mata gaba uku kafin ya sami ruwa. Yana hutawa a inuwar zaure ya ce bana aikinsa ke nan, daga Kausani har Utai, har a ƙauyukan da babu burtsatse ko ɗaya kusa. Na juya na kalli Inna don in ga ko ta ji. Ta ji sarai. Ta bari ya tattara kayansa ya fita, sannan ta ce da safe ta hango shi a ƙofar gidan kaji suna gaisawa da Alhaji har da tafa hannu.