Disket ɗin da Ya Tafi Yamai

A ƙarshen shekarun tamanin ina sakatariya a biro, wato ofishin wani aikin raya karkara a Keita, kuma ni aka ɗora a gaban odinatar ɗin da aka kawo mana, wato kwamfuta. Yatsuna sun riga sun saba da mashin ɗin buga takarda, sauran ma'aikata kuwa kewaye ta suke yi kamar za ta cije su.

Na'urar ba ta da ma'aji a cikinta. Baki biyu gare ta, inda ake zura disket, wato ɗan faifan da ke riƙe rubutu. Kowace safiya shef ɗinmu, wato shugaban biro, zai zura wani disket da muke kira uwa, na'ura ta farka, sai ya zare shi ya mayar aljihun rigarsa. Bai ga laifin haka ba, don a gidansu ma maigida ke auna hatsin yini ya rufe rumbu. Sauran disket ɗin suna cikin armuwar, wato kabad, makulli na hannunsa, sai na aikin ranar kawai yake bar mini.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ko an cire uwa na'urar tana jin wasu maganganu. In na buga DIR ta jero mini sunayen abin da ke cikin disket. COPY ta kwafa, TYPE ta nuna rubutu, DEL ta share. Amma in na buga FORMAT, wanda ke shirya sabon disket ya iya karɓar rubutu, sai ta ce ba ta san zancen ba. Ni kuma Allah bai yi ni da barin abu ya wuce ba, na dami shef da tambaya har ya gaji.

"Waɗansu ta hardace su," in ji shi. "Waɗansu sai ta duba cikin uwa."

"Mi ya hana ta hardace su duka?"

"Kanta ƙarami na. Abin da aka so kullum shi ta riƙe. Ke dai yi aikinki."

Ina da disket ɗaya nawa na kaina, da shef ya shirya mini bayan na yi ta naci. Cikinsa na zuba kakata ta Galma: waƙoƙin da take yi a bakin dutsen niƙa, da labaran zamanin da mutanenmu ke noma ƙarƙashin Buzaye. In na je hutu sai in rubuta a guntayen takarda, in na dawo in buga lokacin da kowa ya tafi cin abinci. Takardun kuwa wuta na hura da su, don na yarda da na'ura. Damina ɗaya kafin ranar da nake son faɗi, kakata ta rasu.

Ran nan shef ya tada na'ura ya wuce Buza, sai gobe. Da hantsi malamin gonarmu ya shigo, wani dattijo mutumin Tama mai sanyin hali, wanda ya koma karatu da furfurarsa. Ni na buga masa dogon rubutun da zai miƙa wa makarantarsu a Yamai kafin a ba shi takardar shaida. Mashin ɗinmu na fitar da takarda ya mutu, sai makarantar ta yarda ya aiko da disket su fitar a can, amma wa'adi ya zo, kuma motar da za ta kai shi bayan azahar za ta tashi. Rubutun yana kan disket ɗin biro, haɗe da rahotannin aiki, ba shi fita ƙofa.

Ya ciro sabon disket daga aljihu, a naɗe cikin hankici. "Ƙanwata, ga shi, daga Tawa na sa aka sawo. Juye mini."

Na zura, na buga COPY. Ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Sabo ne fil, ba a shirya shi ba, kuma abin da zai shirya shi yana aljihun shef a hanyar Buza. Raina ya ɓaci har na ce wa na'urar, "Ke dai an yi 'yar banza, kin iya kwafa ba ki iya shimfiɗa wurin kwafa ba." Na yi wa malam bayani. Ya zauna kan benci ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"In ya wuce bana, sai baɗi," ya ce can. "Baɗi kuwa shekaruna sun wuce."

Na duba jakata. Disket ɗaya ne shiryayye a hannuna, na kakata, kuma DIR ta nuna ya cika maƙil. Wallahi na so in yi shiru. Ban da shef ba wanda ya san da shi, da na yi shirun ma ba mai zargina. Amma mutumin nan tun ina sabuwa shi ke kare ni in shef ya taso da faɗa.

Na ce, "Yaya, tahi ka riƙe mini shofer ɗin motar da hira. Akwai wani tsohon disket nan."

Da ya fita na buga TYPE. Maganar kakata ta taso tana gudu sama, ina tsayar da ita ina karantawa da ƙarfi ko wani abu zai zauna a kaina. Sai na ji mota ta yi hon a waje. Na shiga buga DEL, suna bayan suna, har na share duka, don ban san yawan wurin da rubutun malam zai ci ba. Ko sau ɗaya ba ta tambaye ni ko na tabbata ba, kuma har yau ina jin haushin wannan. Na juye rubutun malam, na miƙa ta tagar mota.

Washegari na tsare shef tun bai zauna ba, na tambaye shi ina abin da aka share yake zuwa. Ya ce ba ya zuwa ko'ina. DEL suna kawai take gogewa, rubutun yana nan kwance har sai an ɗora wani a kansa, kuma a Yamai akwai masu wani disket da ke tono shi. Rubutun malam bai ci rabin wurin ba, ke nan rabin kakata na nan da rai.

Malam ya bi rubutunsa Yamai, na aika masa saƙo ya dawo mini da disket ɗina, ban faɗi dalili ba don kada ya ji nauyi. Bayan girbi ya dawo da takardar shaidarsa, fuska sai haske, ya ajiye mini turmin atamfa a kan tebur.

"Yaya, ina disket?"

"Af, saƙonki ya iske ni. Na bar wa wani ɗalibi da ba shi da ko ɗaya, ya sa nashi aiki. Ba kin ce tsoho na ba? Ga sabon nan da ya ƙi, riƙe shi madadi."

Na karɓa, na yi masa barka, na gode da atamfa. Da aka tashi cin abinci na zauna in rubuta abin da ya saura a kaina. Labaran sun zo a gutsure. Waƙar niƙan da na fi so kuwa farkonta kawai na samu, kuma da na je Galma na tambayi iyayena mata, kowacce ta ce injin niƙa ya zo tun ba ta koya ba.